Pierre Hadot: da wane littafinsa ake farawa?

Sani: Assalamu alaikum. Ina neman haske kan Pierre Hadot, Bafaranshen nan masanin tarihin falsafar Girka da Rum. Wane sabon abu ya zo da shi, kuma ta ina zan fara?

Binta: Wa alaikumus salam, Malam Sani. An haife shi a Faris a 1922, ya zama limamin Katolika a 1944, ya ajiye a 1952. A Collège de France, babbar cibiyar ilimi da ke Faris, ya yi ritaya a 1991, ya rasu a 2010. Bin diddigin tsofaffin nassosi ne aikinsa na asali. A nan ya lura marubutan zamanin da suna yawan maimaici, wani lokacin har magana ta ci karo da 'yar'uwarta, masu nazari kuma suna ɗaukar hakan aibi. Shi ya ce an rubuta nassosin ne don horar da almajiri, kowace magana da wanda aka nufa da ita da matakin da ya kai. Wannan horon shi ya kira "atisayen ruhi", littafinsa na 1981 kuma a kansa yake.

Habu: Gaskiya ne, Hajiya. Malam Sani, inda za ka ga abin a aikace shi ne La Citadelle intérieure (1992), sharhinsa kan rubuce-rubucen Marcus Aurelius, sarkin daular Rum. Ya nuna ƙa'idoji uku na Epictetus, wani malamin falsafa na Girka, ne ke riƙe da su: tsare hukuncin da zuciya ke yankewa, tsare sha'awa, da tsare aiki ga jama'a. Kowane sakin layi ka karanta, ka tambayi kanka wacce ake motsawa a ciki. Dubi inda sarkin ya kira alkyabbarsa gashin tunkiya da aka rina da jinin dabbar teku, giya kuma ruwan inabi kawai. Masu gaggawa sukan ce ya gaji da duniya ne. Kuskure ke nan: ƙa'ida ta farko yake yi, yana tuɓe wa abu adon da ido ya sa masa.

Binta: Amma ka fara da Qu'est-ce que la philosophie antique? (1995), ya fi sauƙi, an kuma fassara shi zuwa Turanci. Kada kalmar "ruhi" ta ruɗe ka, ba ibada yake nufi ba, gyaran tunani da hali da yadda ake kallon duniya ne gaba ɗaya. Porphyre et Victorinus (1968) kuwa juzu'i biyu ne, sai mai Girkanci da Latin. Wannan Porphyre ɗin, masanin falsafa na zamanin da, shi ne ya rubuta Isagoge, inda sunan littafin Isaguji na ɗaliban manɗiƙi ya samo asali.