Neman kalmar Hausa: me za mu kira "credit" na jami'a?

Mai fassara, Garwa:
Salamu alaikum malamai da iyaye. Ana shirya 'yar takarda da Hausa domin iyayen da 'ya'yansu suka ci bakaloriya, wato jarrabawar gama sakandare a Kamaru, za su shiga jami'a a Ngaundere ko Marwa ko sabuwar jami'ar Garwa da aka kafa a 2022. Za kuma a karanta ta a rediyo. Komai ya fassaru, saura kalma ɗaya: "credit" ta Ingilishi, wadda Faransanci ma ke rubutawa kusan haka. Jimlar da kalmar ke ciki tana cewa ɗalibi na bukatar 180 kafin a ba shi lisans, wato digirin farko, 30 a kowane zangon karatu. Ƙamus ya ce bashi. In aka gaya wa uba sai ɗansa ya tara bashi 180 zai gama, ai ya fasa tura shi. In kuma aka bar ta "kiredit", nan Garwa kuɗin waya kowa zai ji. Mene ne shawararku?

Malamin lissafi, Ngaundere:
Wa alaikumus salam. Kafin a raɗa suna a fara sanin jaririn. Tsarin da muke bi shi ne LMD: lisans, masta, dakta. Ƙasashen CEMAC guda shida, wato ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya, har da Kamaru da Cadi, sun amince da shi a 2006, jami'o'in Kamaru kuma suka fara aiki da shi daga 2007. Asalinsa Turai ne, daga yarjejeniyar Bolonya ta 1999. Shekarar karatu tana da 60, a raba ta zango biyu, 30 kowanne. Lisans zango 6 ne, 180 ke nan. Masta zango 4, wato 120.

Abin da ake ƙirgawa shi ne yawan aikin da darasi ke ci wa ɗalibi. A lissafin Turai, guda ɗaya yana daidai da aikin sa'a 25 zuwa 30. Wannan ya haɗa laccar babban ɗaki, da aikin ƙananan rukuni gaban malami, da aikin hannu a ɗakin gwaji, da bitar da yaro zai yi shi kaɗai, har da zaman jarrabawa. Darasin da aka ba 6 ana sa ran zai ci sa'a 150 zuwa 180, kuma ba duka ne a cikin aji ba. Duk kalmar da za mu zaɓa, ta nuna yawan aiki, kada ta nuna kyawun aiki.

Ɗalibin shekara ta biyu, Marwa:
Malam, mu dai a gida "maki" muke cewa, kuma ana ganewa.

Hajiya mai aikin rajista, Marwa:
Ɗana, ana ganewa amma a karkace, mu ne muke shan bayanin a bakin taga. A takardar sakamako layi biyu ne kusa da juna: ɗaya maki bisa 20, ɗaya wannan abin da muke nema wa suna. In dukansu "maki" ne, da wane baki za ka karanta takardar?

Ga bambancin. Yara biyu sun zauna darasi ɗaya mai 6. Wannan ya ci 17 bisa 20, wancan ya ci 10 cif. Kowannensu 6 ake rubuta masa. Na uku ya ci 9, ba a ba shi 5 ko 3, sifili yake samu. Maki yana hawa yana sauka, shi kuwa wannan ko ka ɗauka duka ko ka tafi hannu rabbana.

Inda yara suka fi faɗuwa shi ne haɗin makin. A sassa da yawa gwajin cikin zango yana ɗaukar kashi 30, babbar jarrabawa kashi 70. Yaro ya ci 15 a gwaji ya saki jiki, ya zo ya ci 7 a jarrabawa. 15 sau 0.3 ya ba da 4.5, 7 sau 0.7 ya ba da 4.9, jimla 9.4. Bai kai 10 ba, 6 ɗin nan ta tsaya, sai a jarrabawar zagaye na biyu ko baɗi. Abin dariyar, wannan da ya rage a kansa shi ɗalibai ke kira bashi da Faransanci. To kun ga "bashi" tana da wurinta a takardar, amma a kishiyar inda ƙamus ya ajiye ta: abin da ba a samu ba shi ne bashi.

Tsohon malamin sakandare, Garwa:
Hajiya ta rufe ƙofar maki. Ni kuma in rufe ta "kiredit", don ba kuɗin waya kaɗai ne cikas ba. Yaranmu da yawa suna tsallakawa Yola da Mubi da Maiduguri, kuma a bakin Hausawan Najeriya kiredit daraja ce ta jarrabawar gama sakandare. A sakamakon WAEC, C4 da C5 da C6 su ake kira kiredit, D7 da E8 tsira ce kawai, F9 faɗuwa. Jami'a tana neman darasi biyar da suka kai wannan matsayi ko suka wuce, har da Ingilishi da lissafi. Uban da ya saba jin "kiredit biyar" ya ji ana neman 180, zai ce wace irin makaranta ce wannan. A bar kiredit wa WAEC da NECO, ta riga ta zauna can.

Shawarata "sa'ar karatu". Jami'o'in Najeriya da na Amurka da sa'a suke lissafi: lacca ta sa'a ɗaya kowane mako, tsawon zango na mako 15, ita ce guda ɗaya.

Malami daga Kusiri:
Baba, Larabawa ma sun rabu biyu a kan wannan. Na gabas, irin su Masar da Saudiyya, suna cewa "sa'a mu'utamada", wato sa'ar da aka amince da ita, saboda tsarin Amurka suka ɗauko. Na Magrib da ke bin LMD, kamar Aljeriya, suna cewa "rasid", abin da mutum ya tara yake ajiye a asusunsa. Ɗalibanmu da ke ketare gada zuwa Injamena suna cin karo da Faransanci da Larabci a takarda ɗaya, don haka rabuwar ba baƙuwa ba ce gare su. Kuma ba rabuwar banza ba ce, abu biyu ake aunawa.

Malamin lissafi, Ngaundere:
Daidai, Malam. Shi ya sa "sa'a" ba za ta yi mana ba. A Najeriya digirin shekara huɗu yana neman aƙalla 120. Namu na shekara uku 180. Wanda bai sani ba zai ce lisans ya fi digirin Najeriya da rabi, alhali mudun ne ya bambanta: nasu yana auna zaman aji ne kawai, namu yana auna zaman aji da aikin gida gaba ɗaya. Su a wurinsu ma aikin ɗakin gwaji sai an yi sa'a uku a mako kafin a ƙirga ɗaya. Masu daidaita takardu tsakanin Turai da Amurka sukan ɗauki biyu na Turai a matsayin ɗaya na Amurka, kusan dai. Da wannan lissafin 180 ɗinmu ya koma wajen 90, wato aikin shekara uku, kamar yadda yake. Nan ne ɗalibin da ya nemi masta a can yakan sha mamaki in aka ce masa da sauran aiki. In muka rubuta "sa'a 30 a zango", uwa za ta ɗauka sa'a 30 kawai yaro zai yi a aji cikin wata huɗu.

Ga kuma wata matsalar: "ya ci sa'a 30". Bahaushe zai ce Allah ya ƙara sa'a.

Alaramma, unguwar Hausawa, Ngaundere:
Ina sauraron ku. Kun ce shekara 60 ce, rabinta 30. Mu ma Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu sumuni 8, almajiri kuma da izu ake sanin inda ya kai: wane yana izu 20, wane ya raba, wane ya sauke. Babu Bahaushen da bai san wannan ƙirga ba, daga nan har Injamena. Me zai hana a ce "izun boko"?

Mai fassara, Garwa:
Allah ya gafarta Malam, lissafin ya zauna ɗas, har na so shi. Abu biyu ne suka tsayar da ni. Izu yanki ne na nassi, tsawonsa ba ya canjawa, ko almajiri ya haddace shi a wata ɗaya ko a shekara. Abin da muke nema kuwa lokacin aiki yake aunawa, kuma jami'a ce ke yanke nawa za ta ba kowane darasi, tana iya sauyawa in ta sake manhaja. Na biyu, za a wayi gari ana cewa "ya faɗi izu shida" ko "ana bin sa izu huɗu" a kan darasin tattalin arziki, kunnuwa da yawa ba za su ɗauka ba. Amma a rediyo zan ari misalin don bayani: yadda ake ƙirga izu har sauka, haka ake tara wannan har 180.

Alaramma, unguwar Hausawa, Ngaundere:
Na karɓi hujja ta biyu. A bar izu a allo.

Ɗalibin shekara ta biyu, Marwa:
To "nauyi" fa? Darasi mai nauyi 6, darasi mai nauyi 3.

Hajiya mai aikin rajista, Marwa:
Ka matso kusa, amma nauyi tana da mai ita. Tun daga sakandare kowane darasi yana da lambar da ake ninka makinsa da ita kafin a fitar da matsakaici, abin da kuke kira "kowef". Wannan shi ne nauyi. Gaskiya ne jami'o'i da yawa suna amfani da lambar nan tamu a matsayin nauyi in za su fitar da matsakaicin zango, shi ya sa ake cakuɗa su. Misali darussa shida: biyu masu 6, biyu masu 5, biyu masu 4, jimla 30. Yaro ya ci 14 da 8 a masu 6, 11 da 12 a masu 5, 10 da 15 a masu 4. A ninka a tara: 84, 48, 55, 60, 40, 60, jimla 347. A raba da 30, matsakaici 11.57. Ya haura 10, amma darasin da ya ci 8 bai tsira ba, don haka 24 ke hannunsa, ana bin sa 6. Sai dai in dokar sashensu ta yarda maki mai ƙarfi ya ɗauki mai rauni, a nan ne za a cika masa 30. Wannan doka ba iri ɗaya ba ce ko'ina, wani wurin cikin ƙunshin darussa ɗaya kawai take aiki, wani wurin akwai makin da in an gaza shi ba a ɗaukar darasin ko da matsakaici ya yi kyau. A rubuta wa iyaye su sa yaro ya karanta dokar sashensa tun makon farko.

Ka ga a jimla ɗaya ina bukatar kalmomi uku: maki, nauyi, da ta ukun da muke nema.

Malamin lissafi, Ngaundere:
Ta ukun ita ce "awo". Awon karatu. Awo yana nuna yawa, ba ya nuna kyau. Ana tara shi, ana cika shi, yana iya gazawa. A gwada: "Darasin nan awo 6 ne." "Ta tara awo 120, saura 60 ta karɓi lisans." "Ana bin sa awo 6 na zangon farko." Har manyan siffofi biyu na tsarin suna fita da sauƙi. Na ɗaya, awon da aka samu ya samu, ba a sake zama darasin ko da an maimaita shekara. Na biyu, ɗalibi na iya ɗaukar awonsa ya kai wata jami'a, in ta duba darussan ta ga sun yi daidai da nata. Kuma kalmar tana barin wurin cewa awon Najeriya daban, awon CEMAC daban.

Tsohon malamin sakandare, Garwa:
Na janye sa'a. Amma mata za su ce awo na asibiti ne, mai ciki ke zuwa. Sannan a rediyo "awo 30" da "awa 30" wasali ɗaya ne tsakaninsu, mun koma ramin da muka guje wa.

Hajiya mai aikin rajista, Marwa:
Na asibiti ba a sa masa lamba a gaba, Malam, ba mai cewa ta je awo 30. In an ce "awon karatu" a farkon magana shi ke nan. Na biyun ne gyara na gaske. Maganinsa, duk inda awo ya shiga jimla kada a ce "awa", a ce "sa'a" ko "sa'o'i": awo ɗaya aikin sa'a 25 zuwa 30 ne.

Malami daga Kusiri:
Kuma kada a ce "ya ci awo", don "ci" ta maki ce da jarrabawa. Ana cin maki, ana samun awo, ana tara shi. Ba a kuma neman masa jam'i, lamba ta isa: awo 4, awo 180.

Mai fassara, Garwa:
Madalla, Allah ya saka da alheri. Ga yadda sakin layin zai fita, a duba:

"Kowane darasi yana da awon karatu, wato ma'aunin yawan aikin da ke cikinsa. Ɗalibin da ya ci maki 10 bisa 20 ko fiye yana samun awon darasin gaba ɗaya. Wanda ya gaza ana bin sa bashin awon, sai ya biya a jarrabawar zagaye na biyu ko a shekara mai zuwa. Ana tara awo 30 a zango, 60 a shekara, 180 kafin lisans."

A gefen takardar za a sa kalmar Faransanci da ta Ingilishi sau ɗaya, don uba ya gane layin in ya riƙe sakamakon ɗansa. Dokar da maki mai ƙarfi ke ɗaukar mai rauni na sa mata "goyo" na wucin gadi, Hajiya ki duba ko ta yi.

Hajiya mai aikin rajista, Marwa:
Ta yi. Amma ka ƙara "a inda dokar sashe ta yarda da goyo", kada yaro ya zo taga yana cewa rediyo ta ce an yafe masa.