Wa ya taɓa hawa Arc de Triomphe na Paris?

Baban_Ummi:
Salam jama'a. Wata mai kamawa zan je Paris taron wajen aiki, kwana biyu kacal zan samu bayan an tashi. Wani abokina ya dame ni wai lallai sai na je Arc de Triomphe, ni kuma a hoto dai ƙofa nake gani a tsakiyar shataletale, mu ma ai ga su Ƙofar Mata a Kano. In je ko in wuce hasumiyar Eiffel kawai?

Malam_Tarihi:
Haba Alhaji, hoto ne ya rage mata girma, tsayinta fa mita 50 ne. Napoleon ne ya sa a gina ta a 1806 bayan ya ci yaƙin Austerlitz, amma bai ga ƙarshen aikin ba, ya mutu 1821, ginin kuma sai 1836 aka gama zamanin sarki Louis-Philippe. Gawar Napoleon ɗin ce ta bi ta ƙarƙashinta a 1840 da aka dawo da ita daga tsibirin St Helena. In ka shiga ciki ka ɗaga kai, bangon duk sunayen janar-janar ne da na yaƙe-yaƙe.

Maman_Sadiq:
Ni dai abu ɗaya zan ce, kar ka kuskura ka tsallaka titin nan da ƙafa!! Tituna 12 ne suke haɗuwa a wajen, ni da ban sani ba na tsaya bakin hanya ina jiran motoci su lafa kamar wata baƙauya, sai wata tsohuwa ta nuna min matakalar ƙarƙashin ƙasa ta ɓangaren titin Champs-Élysées. Hawan kuma matakala 284 ne masu murɗewa, wallahi sau uku ina hutawa, amma a sama ga Eiffel nan gabanka ɓaro-ɓaro, wanda in kana kan Eiffel ɗin ai ba za ka gan shi ba.

Ɗan_Damagaram:
Ka daidaita zuwanka da 6:30 na yamma, lokacin ake sake hura wutar kabarin sojan da ba a san sunansa ba da ke ƙarƙashin ƙofar, kullum ake yi tun 1923. Ni da na tsaya wurin sai na tuna kakanninmu na Afirka ta Yamma da Faransa ta kwasa zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya, yaƙin da sojan ya mutu a cikinsa, raina bai yi daɗi ba gaskiya.

Baban_Ummi:
Na gode ƙwarai. Amma Hajiya 284 da wannan gwiwar tawa? Babu lif ne?

Maman_Sadiq:
Akwai, na masu lalura ne, ka gaya musu a wajen tikiti.