Ɗana mai ƙiba an ce bitamin D ɗinsa ya yi ƙasa, shi ne ya jawo ƙibar?

Maman_uku:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu sani a taimaka min. Babban ɗana shekararsa 15, yana da jiki sosai tun yana ƙarami amma shekara biyun nan ƙibar ta ƙaru, kuma kullum cikin kukan ciwon ƙafa da baya da kasala yake. Mun je asibiti likita ya sa aka yi gwajin jini, sakamako ya fito wai bitamin D ɗinsa 14 ne, yace ya yi ƙasa ya rubuta mana magani. Abin da ya ɗaure min kai shine ƙanwarsa mai shekara 13 siririya ce, abinci ɗaya suke ci gida ɗaya suke kwana, ita nata da aka gwada 27. To wata ƙawata tace min ai ƙarancin bitamin ɗin ne ma ya sa shi ƙiba, in ya sha maganin zai rame. Gaskiya ne? Wlh abin na damuna don yaron ya fara ƙin fita cikin abokansa.

AntiNas:
Wa alaikumus salam Maman yara, Allah ya ba shi lafiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce kuma irin wannan muna gani sosai. Maganar ƙawarki juya ta za ki yi, yawanci ƙibar ce take sauke bitamin D a jini ba shi ne yake kawo ƙibar ba. Kinga shi wannan bitamin a cikin maiƙo yake narkewa ba a ruwa ba, to duk wanda fata ta haɗa daga rana ko aka samu a abinci, kitsen jiki sai ya tsotse wani kaso ya ɓoye. Mai kitse da yawa nasa yana can a kwance cikin kitsen, shi kuma gwajin abin da ke yawo cikin jini kawai yake aunawa. Ga kuma girman jiki, cokalin suga ɗaya in kika zuba a kofi daban, in kika zuba a bokiti daban. Shi yasa shi da ƙanwar suka bambanta duk da tukunya ɗaya ce.

Akwai wani babban bincike da ya fito a 2013 wanda aka bi ta ƙwayoyin gado na dubban mutane don a gane wanne ke jawo wanne, abin da suka samu shine ƙaruwar nauyi tana rage bitamin D, amma ba su ga ƙarancinsa yana sa ƙiba ba. Kuma an sha gwada ba masu ƙiba maganin, bitamin ɗin ya hau a jini amma sikeli bai motsa a zo a gani ba. Don haka kar ki sa rai zai rame da kafso.

Amma fa ya sha maganin, kar ki ce tunda ba zai rame ba a bar shi. Ba tare da bitamin D ba hanji baya iya zuƙar kalsiyam yadda ya kamata, kuma wannan shekarun nasa ne ƙashi yake tara ƙarfin da zai yi amfani da shi har tsufa, kafin ya kai 20 an gama mafi yawan ginin. Ciwon ƙafa da bayan nan zai iya zama daga nan ne, zai iya zama kuma nauyin ne a kan gwiwa, likitan zai duba.

Abban_Matasa:
Hajiya ni tambaya ɗaya zan miki, yaron nan yana fita rana kuwa? Don kin ce ya daina shiga abokai. Nawa ma haka ya koma, daga makaranta sai ɗaki sai waya, in nace ya sha rana sai ya zauna bakin taga, ashe gilashi yana tare hasken da ke sa fata ta haɗa bitamin ɗin gaba ɗaya, zafin kawai yake ji. Ni a ganina rana da ƙwallo sun isa ba sai an ɗora yaro kan magani ba, musamman in ana ba shi kifi mai maiƙo da gwaiduwar ƙwai da hanta.

Dan_Famasi:
Baba ka yi haƙuri, a nan ban bi ka ba. Fita rana yana da kyau kuma maganar gilashi gaskiya ce, amma an taɓa gwadawa aka haska masu ƙiba da marasa ƙiba haske iri ɗaya, abin da ya hau a jinin masu ƙibar bai kai rabin na ɗayan ba. Sannan mai duhun fata yana buƙatar lokaci fiye da mai haske kafin ya haɗa adadi ɗaya. Abinci kuma kaɗan ne yake ɗauke da shi, ƙwai ɗaya bai kai ko kashi ɗaya cikin goma na buƙatar yini ba. Wanda ya sauka zuwa 14 kuma yana da alamu gara ya bi abin da likita ya rubuta.

Hajiya ga lissafin yadda yake. Matashi mai lafiya IU 600 ake so ya samu a rana (IU shine ma'aunin adadin bitamin a magani ko abinci, daban da lambar gwajin jini). Ƙasa da 20 a gwajin likitoci da yawa suna ɗaukarsa ƙaranci, ƙasa da 12 kuwa kusan kowa ya yarda ƙaranci ne. Mai ƙiba yakan buƙaci ninki biyu ko uku na abin da za a ba siriri kafin nasa ya hau, to in kika ga adadin da aka rubuta masa ya yi yawa kar ki tsorata. Abin da nake roƙo shine kar ki ƙara da kanki, kuma ki duba da kyau ko na kullum ne ko na sati-sati, don akwai kafso mai IU 50,000 da ake sha sau ɗaya a sati, wasu sai su mayar da shi kullum. Tunda jiki baya zubar da shi ta fitsari taruwa yake, in ya yi yawa kalsiyam ya hau a jini, sai amai da ƙishirwa da yawan fitsari har tsakuwar ƙoda. Ya riƙa sha bayan ya ci abinci mai ɗan maiƙo, ya fi shiga jiki. Bayan kamar wata 3 a sake gwaji.

Yar_jami'a:
Umma ni ma na yi ƙiba a shekarunsa kuma abin da ya hana ni fita ba lalaci ba ne, tsokanar yara ce. Dan Allah kar a riƙa yi masa maganar jikinsa a gaban ƙanwarsa ko baƙi. Ni abin da ya taimake ni yayana ne da ya riƙa jana muna tattaki mu biyu, ba ya ko ambaton ramewa.

Maman_uku:
Nagode sosai Allah ya saka muku da alheri. Dan_Famasi yanzu na ɗauko kwalin na duba, wlh na sati-sati ne, da gobe zan sake ba shi. Yar_jami'a, 'yata, maganarki ta taɓa ni, zan yi wa babansa magana su fara fita tare ranar da ba makaranta. AntiNas in ya rage nauyi nan gaba wanda kitsen ya ɓoye zai dawo jinin ne, ko sai ya ci gaba da shan maganin?