Cibiya, kusurwa ko rumfa: wane suna ya dace da wuraren aikin lissafi a cikin aji?

Malamar aji biyu, Unguwar Rogo, Jos:

Assalamu alaikum malamaina da abokan aiki. Tun farkon zangon nan na sauya yadda nake tafiyar da darasin lissafi na ranakun Laraba da Alhamis. Maimakon in tsaya gaban allo ina rubutu yara suna kwafa, sai na raba ajin gida biyar, kowane rukuni ya zauna a wurinsa da kayan da na ajiye masa, su yi aiki na kimanin minti 10, idan na tafa hannu su tashi su matsa wuri na gaba. A wuri na farko akwai kwali da na zana wa gida goma, layi biyu masu gida biyar-biyar, tare da marafan kwalbar lemo, domin yaro ya jera 7, ya ƙara 5, ya ga da idonsa cewa goma ta cika har biyu sun yi saura. A na biyu akwai tsinkayen tsintsiya da aka ɗaure goma-goma. Na uku ɗan kanti ne na gwangwanayen madara da kuɗin takarda da muka yanka, na huɗu wurin awo ne, na biyar kuma na siffofi.

Littattafan horar da malamai da suka zo daga Amurka suna kiran wannan tsari "math centers", yarana kuma sun gutsure shi suna cewa "santa". Makon jiya wani uba ya zo ransa a ɓace, ya ce ɗansa ya gaya masa cewa yanzu a santa suke wasa da marfi, alhali shi karatu ya turo shi. Na yi masa bayani har ya sauko, amma na lura cewa rabin wahalar da na sha ta rashin suna ce, domin ban da kalmar Hausa ko ɗaya da zan miƙa masa ya gane abin da ake yi tun kafin in fara dogon jawabi. Shi ya sa na kawo maganar gabanku.

Malamin aji uku, Bukuru:

Wa alaikumus salam Malama. A ganina ba sai an wahala ba, tunda fassarar kalmar a Hausa ita ce cibiya, kuma kunnen mutane ya saba da cibiyar lafiya da cibiyar koyon sana'a. A ce cibiyar lissafi kawai.

Malama mai koyarwa a Kwali, Abuja:

Malam, ka yi mini haƙuri, wannan sunan yana da mai shi. A nan kusa da mu, a Sheda, akwai Cibiyar Lissafi ta Ƙasa wadda aka kafa a 1988, kuma duk wanda ya ji an ce cibiyar lissafi, abin da zai zo masa a rai gini ne mai ofisoshi da farfesoshi, ba tabarma da yara goma da tsinken tsintsiya ba. Bayan haka, asalin cibiya ita ce ta jikin mutum, guda ɗaya ce kuma a tsakiya take, daga nan aka aro ta ga duk wurin da al'amura ke komawa gare shi. Abin da Malama ta kwatanta kuwa wurare biyar ne da babu wanda ya fi wani, kuma amfaninsu shi ne su raba hankalin yara daga tsakiyar aji, inda malami da allo suke. Kalmar ta yi daidai da ƙamus, amma ta saɓa wa aikin.

Malamin aji uku, Bukuru:

Na karɓi gyara. To, kusurwar lissafi fa? Na san wasu makarantun rainon yara suna da kusurwar karatu.

Malamar aji biyu, Unguwar Rogo:

Na gwada ta, Malam, kuma a wurin siffofi ta ba ni matsala. Kusurwa kalmar lissafi ce da kanta, da ita nake gaya wa yara cewa alwatika tana da kusurwa uku, murabba'i yana da huɗu. Ranar da na ce su je kusurwa ta uku su ƙirga kusurwoyi, sai da na maimaita sau uku kafin su fahimci wace ce wace. Lungu ma na yi tunaninsa na ajiye, domin babu uban da zai ji daɗi a ce 'yarsa ta yini a lungu. Haka tasha, duk da cewa ta dace da tsayawa da tashi, Bahaushe bai ɗauki zaman tasha a matsayin tarbiyya ba. Zango ya fi su kyau, wuri ne da matafiyi ke sauka ya huta ya wuce, sai dai a makaranta an riga an ba shi aiki, zango na ɗaya da na biyu da na uku, kuma ba na son kalma ɗaya ta ɗauki kaya biyu a bakin yaro ɗan shekara bakwai.

Tsohon hedimasta, Gangare:

'Ya'yana, na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma ina so in fara da cewa sunan ne baƙo, aikin ba baƙo ba ne. Mu da muka koyar a shekarun 1970, lokacin da aka buɗe ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976 azuzuwa suka cika maƙil, kowane ɗan aji ɗaya yakan zo da ɗaurin tsinkensa ko tsakuwarsa a aljihu. Turawa ma a hankali suka kai ga wannan. Maria Montessori, wata masaniyar ilimin yara 'yar Italiya, ta buɗe makarantarta ta farko ta ƙananan yara a birnin Rum a 1907 bisa ra'ayin cewa hannu ne ke buɗe wa ƙwaƙwalwa hanya, wani malamin firamare ɗan Beljiyam mai suna Georges Cuisenaire ya sassaƙa sanduna masu launi daga santimita 1 zuwa 10, sannan Jerome Bruner na Amurka ya bayyana a shekarun 1960 cewa yaro kan fara fahimta da aikatawa, sai hoto, sai alama. Abin da ke sabo a wurinmu shi ne rarraba kayan wuri-wuri da sa yara su zagaya, saboda haka sunan da za mu zaɓa ya kamata ya riƙe wannan zagayen.

Ku dubi kasuwar Farin Gada da sassafe. Mai tumatir yana rumfarsa ya kasa kayansa kashi-kashi, mai dankalin Turawa yana tasa, mai kabeji da karas yana tasa, mai saye kuma yana bi ɗaya bayan ɗaya, a kowace ya tsaya ya taɓa, ya ƙirga, ya auna, ya karɓi canji, ya wuce. Babu yaron Jos da bai san wannan ba, kuma babu uban da ke ganin zaman rumfa wasa ne, domin a rumfa ake neman abinci, a can ne kuma da yawa daga cikinmu muka fara iya lissafi tun kafin mu riƙe alli. Shawarata ita ce a ce rumfar lissafi, jam'inta rumfunan lissafi, kowace kuma a kira ta da kayanta: rumfar goma, rumfar dami, rumfar ciniki, rumfar awo, rumfar siffofi.

Malama mai koyarwa a Kwali:

Baba, Allah ya ƙara girma. Sunan ya kwanta mini, amma ina da tambaya ɗaya. Rumfa abu ne mai dirkoki da rufi, a cikin aji kuwa benci ne kawai ko tabarma. Ba za a ce mun kira abu da sunan da ba nasa ba?

Tsohon hedimasta, Gangare:

Tambayarki a kan hanya take, 'yata, kuma Hausa ta riga ta amsa ta. Ranar zaɓe kowa yana cewa ya tafi rumfar zaɓe, gidajen rediyo ma haka suke faɗa, alhali idan kin je sau da yawa tebur ne da akwati a gindin bishiya ko a barandar makaranta, babu dirka babu rufi. Kalmar ta riga ta tashi daga ginin ta koma kan wurin da aka keɓe wa wani aiki na ɗan lokaci, wanda za a kwashe idan an gama. Wannan ita ce siffar abin da Malama take yi, tana shimfiɗawa da safe tana naɗewa kafin tashi.

Malamin aji uku, Bukuru:

Ni ma na bi bayan rumfa. Saura kayan da ake ajiyewa a cikinta, waɗanda littattafan ke kira "manipulatives". Kayan koyarwa na malami ne, shi ke riƙewa yana nunawa, waɗannan kuwa na hannun yaro ne. Kayan wasa shi ne ya jawo wa Malama fushin uba. Na so in ce kayan taɓawa, sai na tuna cewa a Hausa abin taɓawa shi ne ɗan abincin da ake kawo wa baƙo, kuma yara za su zo suna jiran cincin. Aikin hannu kuma ya daɗe da zama sunan saƙa da ɗinki da sassaƙa.

Malamar aji biyu, Unguwar Rogo:

A nan ina da abin da na tsinta daga bakin yaran da kansu. Wata yarinya a rumfar goma, da marfi ɗaya ya gangara ƙarƙashin benci, ta ce mini, "Malama, ɗa ɗaya ya ɓace." Ba wanda ya koya mata, ta ɗauko ne daga 'ya'yan dara da 'ya'yan carbi, waɗanda su ma ƙananan abubuwa ne iri ɗaya da ake turawa da yatsa ana ƙirgawa. Saboda haka nake ganin marafa da tsakuwa da ƙwallayen dabino da wake a kira su 'ya'yan lissafi. Tsinkayen da aka ɗaure kuwa dami ne, kuma wannan kalmar ta yi mini aikin da "aro" bai taɓa yi mini ba. Shekara da shekaru ina ce wa yara idan za a ɗebe 7 daga 32 sai a ari ɗaya daga maƙwabci, suna yi ba tare da sun san me aka ara ba, wasu har suna tambaya yaushe za a mayar. Yanzu yaro yana da dami uku da tsinke biyu a gabansa, ya ga biyu ba za su ba da bakwai ba, sai ya kwance dami ɗaya, tsinkayensa su zama 12, ya cire 7, ya ƙirga abin da ya rage ya sami dami biyu da tsinke biyar. Da bakinsa yake cewa "na kwance dami", kuma ya san abin da ya faɗa.

Malama mai koyarwa a Kwali:

'Ya'yan lissafi ya dace da abin ƙirge, amma ba zai rufe mudu da gwangwani da igiyar awo ba, balle kwalayen siffofi. Ina ganin a bar wa waɗannan sunayensu na gado, tunda muna da taƙi da kamu da gaba a awon tsawo, sannan idan ana son a haɗa su duka a baki ɗaya a ce kayan rumfa. Ba dole ba ne kalma ɗaya ta Turanci ta sami kalma ɗaya ta Hausa.

Malamar aji biyu, Unguwar Rogo:

Na gode Baba, na gode malamai. Abin da na ɗauka shi ne rumfar lissafi ga wurin, kayan rumfa ga dukkan abin da ke cikinta, 'ya'yan lissafi ga ƙananan abubuwan ƙirge, da zagayen rumfuna ga tashin da yara ke yi daga wannan zuwa waccan. Jiya Laraba na rubuta sunayen biyar a kan kwali na liƙa a bango, na kuma naɗa wa kowace rumfa mai rumfa, wato yaro ɗaya da zai ƙirga kayan kafin a fara da bayan an gama. Da na tafa hannu ban ƙara cewa komai ba, sai na ji mai rumfar dami yana gaya wa waɗanda suka iso cewa dami goma ya karɓa, dami goma kuma za su bar masa. Malam na Bukuru, idan ka gwada sunayen a aji uku, inda ake shiga ninkawa da rabawa, ina so in ji ko rumfar ciniki za ta ɗauki rabawa ko sai an buɗe mata tata, domin ina tunanin rumfar kashi, irin kashin tumatir da Baba ya ambata.