Musayar waƙa: tsuntsayen da muka ɗauko hotonsu a Waza da Maga

Ɗan Marwa:
Salamu alaikum jama'a, hutun Disamban nan na kai yara gandun dajin Waza a arewacin Kamaru muka biyo ta tafkin Maga, hotuna uku ne na sa kun ga dai yadda suka fito da hazo, kuma tunda a nan ba a tambaya sai da waƙa to ga ta farko

Na ga wani ƙato a kan bishiya,
Launin ƙasa, kansa kamar na mujiya,
Da ya tashi da ƙyar na gano wutsiya,
Yara sun ce shirwa, ni na ce mikiya,
Masana ku raba mu, ku faɗi gaskiya.

'Yar Garwa:
Yaya ka ce wa yara wannan ba shirwa,
Ita kullum muna tare a kasuwar Garwa,
Wutsiyarta doguwa ce mai tsagewa,
Baki rawaya, kan mahauta take kewayawa,
Ta fizge tsoka a faranti ba ta tsayawa.

akwai kuma mai baƙin baki da ke zuwa daga Turai lokacin sanyi, amma ita ma dai wutsiyar a tsage take

Baba na Kusuri:
Ɗana ba mikiya ba ce, bari in gyara,
Ita dogon wuya gare ta, mushe ke tara su a fili su yi ta ƙara,
Naka ɗan gaggafa ne, har yanzu yana sahun yara,
Launin ƙasa zai zauna bakwai ko takwas na shekara,
Sannan ya yi baƙi, fuska da ƙafa su yi ja, kyau ya ƙara,
Ba ya yawan kaɗa fiffike, tangaɗi yake a sama in ya fara.

Mikiyar da kake zance ai ta wuce nan, a 1973 jirgin sama ya yi karo da ɗaya a saman Abijan, tsayin mita 11,300, Allahu Akbar. Abin da ke ci mini rai shi ne ita da ungulu duk suna ƙarewa, ana sa guba a mushe ana kuma kai kawunansu kasuwa wai magani, mu da muka tashi ungulu cike da rufin mahauta yanzu sai ka yi ta dube-dube

Ɗan Marwa:
Na gode Baba, wallahi tangaɗin nan na gan shi da idona. Ga sauran biyun

A Maga na ga gajimare ya taso a kan fadama,
Ashe tsuntsaye ne ƙanana sun rufe sama,
Na ukun kuwa rawaya ne, reshe ya kama,
Kanari ne? Yara na so su ji kafin mu gama.

'Yar Garwa:
Na biyun jan-baki ne, manomi ya san shi,
Shinkafa, gero, masakwa, ba ya barin ko hatsi ɗaya a kanshi,
Yara na kaɗa gwangwani tun asuba don su kore shi,
Ɗaya bai kai tafin hannu ba, yawan ne ƙarfinshi.

na ukun kam Baba sai kai, hoton ya yi dishi-dishi

Baba na Kusuri:
'Yata, kanari a murya ake gane shi da wuri,
Gira rawaya, ƙeya toka-toka, jiki ɗan ƙuri,
Ga baƙin layi gefen baki siriri kamar zare a jeri,
Marai ya fi shi girma, ga baki mai kauri,
Shi masaƙi ne, sheƙa yake ratayawa reshe-reshe a tari.

to ɗana me ka gani a bishiyar, kuma me kunnenka ya ji?

Ɗan Marwa:
Baba sheƙuna na lilo a ƙaya bakin ruwa,
Saƙaƙƙu da ciyawa, ƙofarsu ƙasa take dubawa,
Ba waƙa na ji ba, surutu ne kamar ranar kasuwa,
Marai ne ke nan, yanzu zan je in gaya wa yaran kowa da kowa.