Shamuwa ta cika mana filin jirgi, in tashi ko in dakata?

Ɗan koyo: Salam 'yan uwa. Asabar zan yi tashina na farko ni kaɗai a ƙaramin jirgi Cessna 172, amma tunda aka fara ruwa shamuwa da balbela sun cika gefen titin jirgi, barin ma in an yanke ciyawa. Malamina ya ce ko in tashi da sassafe ko in jira sati biyu. Ya kuka gani?

Tsohon matuki: Ƙanena sassafe ai lokacin kiwonsu ne, bari rana ta ɗaga. Kunna fitilar sauka, in ka ga tsuntsu gabanka ɗaga hanci sama, su ƙasa suke yi in sun firgita.

Mai feshi: Ni shirwa ce ta shigo min ta gilashin gaba ina shirin sauka, wallahi ban ga komai ba sai jini da gashi a fuskata, iska na ta ihu ko rediyo ba na ji, tabarau ne ya ceci idona. Gilashin ƙananan jirage roba ce kawai. Kamfani ko sannu, kuɗin gyara ma suka so cirewa a albashina, wai dala dubu uku.

Injiniya: Dubu uku?? An cuce ku, ko dubu ɗaya bai kai ba.

Mai feshi: Kai ka taɓa biyan kwastan da kuɗin aiki? Ko tashi da jirgi ma ba ka taɓa yi ba.

Injiniya: Ni dai nake kankare gashin daga injinku.

Ɗan zolaya: Mai kashe jan baki ne dangi suka rama 😂

Tsohon matuki: Ku bar wasa. Hau sama da wuri, yawanci ƙasa da ƙafa 3000 ake karon. Amma a 1973 ungulu ta daki jirgi a ƙafa 37,000 saman Abijan.

Ɗan koyo: To Baba in tashi kenan?

Mai feshi: Matsalar juji ce. ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ta ce kar a bar irinsa cikin kilomita 13 daga fili, mu mayanka ce a bayan katanga, mun rubuta takarda har mun gaji.

Injiniya: Namu har shanu ake kiwo ciki, balbela na biye. Wa zai gyara katangar?