Ɓerayen gwaji sun daina bin abinci da zafi ya shigo: wa ya taɓa gani?

Ɗalibar fiziyoloji, Gombe:
Assalamu alaikum. Ina horar da fararen ɓerayen gwaji, irin da ake kira Wistar, a hanya mai rassa biyu, da ɗan abinci a ƙarshen reshe ɗaya. A Janairu da gudu suke zuwa. Yanzu da Afrilu ya kama, sai su baje ciki a ƙasa su ƙi motsi, abincin ko kallo bai ishe su ba. Mantuwa ce ko ciwo?

Mai kula da ɗakin dabbobi, Bauchi:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Zafi ne. Ɗaga ɗaya ki duba wuyansa da ƙirjinsa, za ki ji gashin a jiƙe. Ɓera ba ya gumi irin namu, yawu yake shafa wa jikinsa, jini kuma ya kwararo wutsiya don zafin ya fita. Duk ranar da aka ɗauke wuta da tsakar rana fanka ta tsaya, abincin da na zuba da safe nakan tarar da shi kusan yadda yake, kwalaben ruwa kuwa sun yi ƙasa. Ina tausaya musu ƙwarai a wannan wata.

Malamin fiziyoloji, Bauchi:
Gaskiyar Malam ce. Narkar da abinci kansa yana ƙara zafin jiki, shi ya sa suke rage ci. A 1961 wasu masu bincike biyu, Weiss da Laties, suka aske ɓeraye a Amurka, suka sa su a wuri mai sanyi da wani ɗan ƙarfe wanda in an danna, fitila ta watso ɗumi na 'yan daƙiƙu. Ɓerayen suka koyi dannawa kamar yadda mai yunwa ke yi don abinci. A 1971 wani mai binciken, Cabanac, ya nuna a jikin mutane cewa daɗin abu yana bin halin da jiki yake ciki. Ruwan randa da azahar ɗin Afrilu daban yake da na asubahin hunturu. Ladan da kike ba su ne ya rage daraja, 'yata.

Ɗalibin harhaɗa magunguna, Gombe:
Ni da hunturu na gani, a ƙananan ɓeraye. Sun cunkushe a lungu ɗaya, ci ya ƙaru. Su wajen digiri 30 ne jikinsu ke hutawa, alhali ƙa'idar ɗakin gwaji 20 zuwa 26 ce. Da na yayyaga musu takarda, kafin gari ya waye sun yi sheƙa sun shige.

Ɗalibar fiziyoloji, Gombe:
Na gode ƙwarai. To Malam, in dakata sai damina?

Mai kula da ɗakin dabbobi, Bauchi:
A'a, ci gaba. Ɓera dabbar dare ce, ki mayar da gwajin bayan magariba ko da sassafe, lokaci ɗaya kullum. Ki rataya ma'aunin zafi daidai tsayin keji, ki riƙa rubuta abin da ya nuna kusa da sakamakon kowane ɓera. Kejin da ke bakin taga kuma ki janye shi yau ɗin nan.